Yadda Ake Sassaƙa Jarumi a Kan Dutsen Kabari a Tsohuwar Girka

Aikin yana farawa ne a dutsen Pentelikon, arewa maso gabas da birnin Atina. Can ake fasa farin dutsen mabul da turakun ƙarfe, a ɗora shi a amalanke, shanu su jawo shi cikin gari.

Kafin masassaƙi ya ɗauki guduma, sai sun daidaita da dangin mamaci kan siffar da za a fitar. Nan ne abin ya fi ɗaukar hankalina. Dubi dutsen Deksiliyos, matashin mahayin doki ɗan shekara 20 da ya faɗi a yaƙin Koranti a shekara ta 394 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi aka kashe, amma a dutsen shi ne a bisa doki, dokin ya ɗaga ƙafafun gaba, mayafinsa na tashi a iska, yana shirin soke abokin gaba da ke ƙasa tsirara. Irin wannan tsayuwa ce ake wa jaruman tatsuniyoyin Girkawa a bangon ɗakunan bauta, inda suke gwabzawa da Amazon, matan nan mayaƙa. Dangin Deksiliyos sun zaɓi a tuna da shi a sahun waɗancan jarumai.

Daga nan sai a zana siffar a fuskar dutsen. Da ƙarfe mai tsini ake rage abin da ke kewaye da zanen har mutum da doki su taso, a bi da ƙarfe mai haƙora a daidaita, sannan mai faɗin baki ya fitar da fuska, jijiyoyi da ninkin tufafi. Sai a goge da dutsen gugar da ake kawowa daga tsibirin Naksos.

Mashi da linzami ba a sassaƙa su. Na tagulla ake ƙerawa, a huda dutsen a cusa. Tagullar Deksiliyos ta ɓace, ramukan ne suka rage. Fenti ma haka: farin da muke gani yau, a dā ja da shuɗi ne.

A ƙarshe a rubuta sunan mamaci, a dasa dutsen cikin gindinsa a maƙabartar Kerameikos, a zuba narkakkiyar dalma ta riƙe shi. Wajen shekara ta 317 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), Dimitiriyos na Falerum, mai mulkin Atina a lokacin, ya kafa dokar hana irin waɗannan kaburbura masu tsada, sana'ar ta tsaya a Atina.