DARASIN LABARIN ƘASA: UNGUWANNIN BAKIN JOS

Sa'ad da aka aike ni gwajin koyarwa a wata makaranta tsakanin Jos da Bukuru, na tambayi yaran aji biyar, "A birni kuke zaune ko a ƙauye?" Rabin aji suka ce birni, rabi suka ce ƙauye. Aka yi ta gardama har aka buga ƙararrawa. Ni ma malamin ban iya raba su ba. Wannan ne ya sa na shirya darasin nan domin 'yan'uwana ɗalibai.

Jos tana bisa tudu, kamar ƙafa 4,000 sama da teku. Tun kafin Turawa, Birom da Anaguta da Afizere suna zaune a ƙasar nan. Kuza ce ta kawo baƙi. A 1914 ƙaramin jirgin ƙasa ya iso daga Zariya, a 1927 kuma babba ya hawo ta Kafancan. Kamfanoni suka kakkafa barikoki kusa da ramukansu, leburori suka zo daga Kano, da Barno, da Kudu. Watau tun farko garin a warwatse ya tashi, ba kamar Kano da ganuwa ta tattara ta ba.

To, unguwannin bakin gari iri uku ne. Na fari, tsofaffin wuraren kuza, kamar Naraguta da Rayfield. Na biyu, ƙauyukan da gari ya tarar, kamar Du, da Gyel, da Zawan. Na uku, sababbin gidaje da mutane suka gina a gonakin da suka saya hannun masu gado, ba a auna hanya ba, ba a bar filin makaranta ba.

Mutane nawa ne? Ƙidayar 2006 ta ba Jos ta Arewa 429,300, Jos ta Kudu 306,716. Amma lissafin ƙananan hukumomi ke nan, waɗanda aka raba a 1991, ba na unguwa-unguwa ba. A takarda kowace unguwa tana ƙarƙashin ƙaramar hukuma, amma ba ta da majalisa tata, ba ta da baitulmali. Idan kwalbati ya karye, mai unguwa ne da ƙungiyar masu gidaje za su yi karo-karo, samari su fito aikin gayya.

Kuza ta faɗi a kasuwar duniya a 1985, amma ta bar kududdufai. Da ruwansu ake lambu da rani, ana kai kabeji, da karas, da tumatir kasuwannin Jos. Ashe bakin gari na ciyad da tsakiyarsa. Sai dai kududdufan nan da zurfi, sun sha cin yara masu wanka. Lalle malami ya riƙa gargaɗi.

Akwai kuma abin baƙin ciki. Bayan rikicin 2001, da 2008, da 2010, mutane da yawa sun ƙaura, kowa ya koma inda masu addininsa suka fi yawa. Yaro yakan girma bai taɓa shiga unguwar da yake hange daga ƙofar gidansu ba. Wanda ba ka sani ba kuwa, da sauƙi a tsorata ka da shi.

Saboda haka ga shawarata. Kada mu fara labarin ƙasa da kogin Nilu. Mu sa kowane yaro ya zana taswirar unguwarsu, ya nuna rijiya, da kasuwa, da masallaci, da coci. Sa'an nan a liƙa taswirorin gefe da gefe a bango. Da na gwada haka, yara suka ga rafi ɗaya ne ya ratsa takardunsu duka.

Tambayoyi:
1. Me ya sa Jos ta tashi a warwatse?
2. Wane ne ke gyara hanyar unguwarku?
3. Daga wane gari kakanka ya zo?