Ga Ɗana da Aka Damƙa wa Rumbun Bayanai

Ɗana, Allah ya sanya albarka a wannan aiki da ka samu a Dutsin-Ma. Mahaifiyarka ta ce an damƙa maka sabar da ke riƙe da sunayen ɗalibai da kuɗin rajista da sakamakon jarrabawa. Tun da aka kafa Jami'ar Tarayya a garin a 2011, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, takardun dubban yaran Kurfi da Safana da Batsari suka koma cikin injuna irin wanda kake tsaro. Yaron da ubansa ya sayar da maraƙi a kasuwa ya biya masa makaranta, shaidar wahalarsa ba ta wuce 'yan layuka a jadawali ba. Shi ya sa na ga ya kamata in zauna in rubuto maka daga nan Birchi.

Za a yaba maka idan sabar tana sauri, amma ranar da ta faɗi ce za a san ko ka iya aikin. Don haka kada ka yarda da kwafin ajiyar da ba ka taɓa dawo da shi ba. Manomin kirki a nan ba ya jira sai ruwan shuka ya sauka kafin ya duba irin da ya ajiye. Tun da rani yake ɗibar kaɗan ya jiƙa ya ga ko zai tsira. Kai ma ka nemi wani inji dabam, ka ware rana a kowane wata, ka zuba kwafin a ciki, ka buɗe, ka nemo ɗalibin da ka san ya yi rajista jiya. Ka kuma duba agogo, domin ranar da abin ya faru, tambayar farko da shugabanka zai yi ita ce sa'a nawa za a ɗauka.

Wannan ba tsoron tsufa ba ne. A ranar 31 ga Janairu 2017, wani injiniyan kamfanin GitLab, yana aiki cikin dare a gajiye, ya so ya goge bayanan sabar ko-ta-kwana, ashe a kan babbar yake. Kafin ya ankara, kusan gigabait 300 sun tafi. Kamfanin yana da hanyoyin ajiya har biyar, amma da aka zo nema, babu wadda ta yi aiki yadda aka zata. Ɗaya ta daɗe da tsayawa saboda manhajar kwafin ta tsufa, ba ta dace da PostgreSQL ɗin da suke amfani da shi ba, saƙon gargaɗin ma bai isa ga kowa ba. Wani kwafi da aka ɗauka sa'o'i 6 kafin nan ne ya cece su, aikin waɗannan sa'o'in kuwa ya salwanta. Ƙwararru ne, suna da kuɗi. Gwaji ne ba su yi ba.

Ka lura kuma, sabar ta biyu da ke kwaikwayon ta farko ba ajiya ba ce. Idan ka goge jadawali bisa kuskure, nan take ita ma za ta goge nata. Abin da zai fisshe ka shi ne cikakken kwafi haɗe da kundin da sabar ke rubuta kowane canji a ciki kafin ta taɓa jadawalin. Da su biyun za ka iya mayar da komai zuwa minti ɗaya kafin ɓarnar. Wannan kundin ne kuma ke tayar da sabar lafiya idan aka ɗauke wuta tana tsakiyar rubutu. Wani zai ce maka ka kashe fsync, wato saitin da ke tabbatar da rubutu ya sauka a faifai, don sabar ta ƙara gudu. Za ta ƙara, amma a garin da wuta ke tafiya ba sallama, kada ka kuskura. Batirin inbata ma ka riƙa gwada shi, ka kakkaɓe ƙurar hunturu, ka tanadi sanyi kafin zafin Afrilu.

Ka ajiye kwafi ɗaya nesa da ginin, amma kada ka dogara ga intanet kaɗai. Ba ka manta Satumban 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda matsalar tsaro, har da Kurfi da Dutsin-Ma. Wanda duk ajiyarsa ke wata ƙasa, a waɗancan watannin hannunsa bai kai gare ta ba. Faifai ɗaya a kulle a hannun amintacce yana da ranarsa.

Batun sauri kuwa, makon rajista ne zai gwada ka, za a yi ta cewa a sayo sabon inji. Ka fara neman tambayar da ake yi wa rumbun bayanan da ke jan ƙafa, ka sa mata umarnin EXPLAIN ka ga hanyar da take bi. Sau da yawa za ka tarar tana karanta jadawalin ɗalibai daga farko har ƙarshe don neman mutum ɗaya, saboda babu fihirisa a kan lambar rajista. Sai dai kowace fihirisa tana ƙara wa rubutu nauyi, kada ka cika su. Canji ɗaya za ka yi, ka auna, ka rubuta, sannan ka yi na gaba. Kuma kada ka taɓa babbar sabar da daddare kana jin barci, ko ranar Juma'a kana shirin tahowa gida.

Wata rana wani zai zo, wataƙila ɗan garinmu, ya roƙe ka ka gyara wa ɗansa maki. Ka ba shi haƙuri cikin mutunci, ka faɗa masa sabar tana rubuta wanda ya canza komai, kuma ka tabbata hakan gaskiya ne. Kowa da sunan shigarsa da kalmar sirrinsa. Dokar kare bayanai ta 2023 ta hana wasa da sirrin mutane, Allah kuma ya riga ta hanawa.

Matakan dawo da sabar ka rubuta su a takarda, ɗaya bayan ɗaya, ka miƙa wa abokin aikinka ya bi su kana zaune ba ka ce uffan ba. Inda ya tsaya yana kallonka, nan ne rubutun bai cika ba, sai ka gyara ya sake daga farko.