Dintsin Shinkafa Guda

A arewa maso gabashin Indiya akwai wata jiha mai duwatsu, sunanta Mizoram. Masu bishara na fari da suka zauna can sun isa a shekara ta 1894. Mutanen wurin talakawa ne, manoma, kuɗi ba ya zama a hannunsu. To, da me ekklisiya irin wannan za ta yi aikin Ubangiji?

A wajen 1910 matan ekklisiya a garin Aizawl suka soma wata al'ada wadda suka koya daga masu bi na duwatsun Khasi. Suna ce da ita Buhfai Tham, watau dintsin shinkafa. Ga yadda a ke yi. Sa'anda uwargida ta auna shinkafar da iyalinta za su ci, kafin ta zuba a tukunya sai ta sa hannu ta ɗebi dintsi guda, ta zuba cikin wani mazubi dabam. Da safe haka, da yamma haka. In ta taru sai a kai majami'a, mata su sayar, kuɗin kuwa ya shiga aikin bishara. Da shi aka riƙa biyan matan da ke zaga ƙauyuka suna koyar da Maganar Allah.

Abin bai tsaya ga shinkafa ba. Waɗansu suka soma ware itacen wuta, waɗansu kayan lambu. Ya bi gida gida, ya shiga sauran ekklisiyoyi, har yau kuwa ana yinsa. A ƙidayar 2011 wajen kashi 87 cikin ɗari na mutanen jihar Kirista ne, ekklisiyar da dā ta ke karɓar masu bishara kuma ita ke aikar nata, fiye da dubu.

Amma, 'yan'uwa, ba yawan kuɗin mu ke so mu duba ba. Bari mu dubi matar nan da ke bakin murhu. Jiya tana ganin kanta matalauciya, wadda sai dai a ba ta. Yau ga ta tana bayarwa, sau biyu a rana, ba mai ganinta, ba mai kiran sunanta a sujada. Talauci ya kan koya wa hannu ƙanƙamewa, gama mutum yana tsoron gobe. Hannun da ya buɗe sau ɗari bakwai a shekara kuwa, tsoron nan ya kan sake shi kaɗan kaɗan. Ta ɗebi dintsin, iyali sun ci, ba wanda ya kwana da yunwa sabili da shi. Gobe ta sake gwadawa. 'Yarta kuma tana tsugune tana kallo, ba wanda ya yi mata wa'azi, amma ran da ta yi aure za ta nemi mazubi nata.

A ganinmu wannan ya fi babban baiko na sau ɗaya a shekara gyara zuciya. Ba mu raina baikon kaka ba, yana da kyau ƙwarai. Sai dai mutum yana iya kawo buhu a gaban jama'a, ya koma gida da rowarsa yadda ta ke.

Ku buɗe 1 Sarakuna sura 17. Gwauruwar Zarefat ba ta da kome sai ɗan gari a tukunya da ɗan mai, tana shirin ta ci da ɗanta su mutu. Iliya ya roƙe ta ta fara yi masa 'yar waina. Ku lura, ba a cika mata rumbu ba. Garin dai ne bai ƙare ba, kowace safiya kuwa sai ta sake sa hannu cikin tukunyar nan ta ɗiba wa baƙo. Ku karanta labarin a gida tare da iyali, ku tambayi juna: a ganinku, yaya zuciyarta ta ke a rana ta fari, yaya kuma a rana ta ɗari?