Darasin Labarin Ƙasa: Yini Guda A Ƙasar Daura

Masu hikima sun ce gani ya kori ji. Saboda haka da bazara malaminmu na Labarin Ƙasa ya ɗebe mu cikin mota, muka tashi daga Katsina bayan sallar asuba, domin mu amsa tambaya guda: shin gaskiya ne hamada tana matsowa?

Tsakanin Katsina da Daura kimanin mil 50 ne, hanya ta bi ta Mashi. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, ba manyan duwatsu, sai jigawa da gonaki fayau. Kuka ta kaɗe ganye, guguwa tana wasa da yayi. Da hantsi muka isa Daura, muka sha ruwan Kusugu, rijiyar da aka ce macijin da Bayajida ya kashe ba ya barin a ɗiba sai ran Juma'a. Malam ya ce mu lura, tarihin garin nan kansa da maganar ruwa ya fara.

Daga nan muka yi arewa, muka wuce Mai'aduwa, har Kwangwalam, bakin iyakar Nijar, inda hanya ta miƙe zuwa Damagaram. Ko da yake rairayi ya yawaita, nan ba hamada ba ce, gama ana noman gero da wake. Amma muka ga abin mamaki. Gonar da aka sare itatuwanta iska ta kwashe mata ƙasa, ga maƙwabciyarta kuwa mai gawo tana nan lafiya lau.

To, ga dalili. Gawo ya saɓa wa sauran itatuwa: da rani yake ganye, da damina ya zubar. Watau ba ya tare wa gero rana, ganyensa ya zama taki, dabbobi kuma su ci 'ya'yansa, su kwanta a inuwarsa, su bar kashi.

Tambayar nan tamu tsohuwa ce. A 1935 wani Bature masanin daji, Stebbing, ya rubuta cewa Sahara tana cin ƙasashen nan. Sai Ingila da Faransa suka tura masu bincike, suka bi iyakar nan a 1936 da 1937. Suka ce ba su ga hamada na tafiya ba, sai ɓarnar da mutane ke yi wa daji. Daga baya farin 1973 da na 1984 suka nuna lalle abin tsoro ne. Amma tun daga shekarun 1980 manoman Maraɗi da Damagaram suka riƙa barin tohon itatuwa a gonakinsu suna yi masa aski, har miliyoyin itatuwa suka komo.

Mun dawo bayan magariba, ga ƙura har cikin kunne, amma da amsa a hannu: ruwan sama na Allah ne, gatari kuwa namu ne. Mu da za mu fita koyarwa, in muka bar yaro ya haddace sunan Sahara bai san amfanin gawon gonar ubansa ba, ai mun yi aikin banza. Mu fitar da su su gani, su ƙidaya itatuwan gona biyu, su gwada amfaninsu da kaka. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.