Kafin Ka Ciro Yuan Daga Aljihu

Ɗan'uwa ɗan kasuwa, idan Allah ya kai ka Guangzhou saro kaya, ka idar da sallah a Masallacin Huaisheng, mai tsohuwar hasumiyar nan ta kusan mita 36 a titin Guangta, to zauna daga gefe da biro da takarda kafin ka nufi kasuwa.

A aljabara, lissafin daidaito irin na makaranta lamba ɗaya yakan ba ka. Na rashin daidaito kuwa iyaka yake nuna maka: daga nan zuwa nan kana lafiya, ka wuce ka shiga bashi. Wannan na biyun shi ciniki ya fi buƙata.

A ce kana da yuan 20,000, ka ware 2,000 na dako, kuma takalmi ƙafa ɗaya yuan 47 ne. Rubuta 47x + 2,000 ≤ 20,000, inda x ke nufin yawan takalman da za ka saya. Amsar ta ɗan haura 382.9. Kada ka ce ai 383 ke nan. Ƙafa 383 za su ci yuan 18,001, ka zarce abin da ya rage bayan kuɗin dako da yuan guda. Iyakarka 382. In masana'anta ta ce ba ta sayar da ƙasa da 300, zaɓinka ya tsaya tsakanin 300 da 382. Ni dai ba zan kai ƙarshen iyakar ba, don farashin canji ba ya jiran kowa.

Ɗaliban gida kuma ku kula: a lissafin rashin daidaito, idan kuka raba ko kuka ninka ɓangarorin biyu da lambar da ke ƙasa da sifili, dole alamar ta juya. Nan ake yawan zubar da maki a jarrabawar WAEC.