Kafin ku fita titi, ku ji labarin Bankok

'Ya'yana, shinkafar Tailan kun san ta, ko ba ku ci ba kun ga buhunta a kasuwa. Manoman ƙasar, musamman na arewa da na arewa maso gabas, yankin da suke kira Isan, sun taɓa barin gonakinsu, suka cika motoci suka nufi Bankok, babban birnin ƙasar, suka haɗu da leburori da 'yan acaɓan birnin, suka shafe wata biyu suna kwana a kan kwalta don a rushe majalisa a sake zaɓe. A 2010 aka yi wannan. Kafin a watse an rasa rai fiye da 90, yawancinsu fararen hula.

Ina ba ku wannan labari ne don na san jininku na tafasa idan kuka dubi yadda ake mulki, kuma ba zan ce ku yi shiru ba. Wanda ya ce wa mai jin yunwa ya rufe baki bai yi masa adalci ba. Sai dai mutanen Tailan sun riga ku daɗewa a wannan fage. Tun 1932, da aka rage wa sarautarsu iko aka kawo tsarin mulki, sojoji sun kifar da gwamnati fiye da sau goma, an rubuta tsarin mulki har 20, kuma kusan kowane ƙarni na matasa ya taɓa cika tituna. Ya kamata mai niyyar fita ya tsaya ya ji yadda ta kaya da su.

Rigimar da ta fi daɗewa ta faro ne daga mutum ɗaya, Thaksin Shinawatra, tsohon ɗan sanda da ya yi kuɗi a harkar wayar salula. Ya ci zaɓe a 2001, ya kawo tsarin da talaka zai ga likita da baht 30 kacal na kuɗin ƙasar, ya ba kowane ƙauye asusun baht miliyan ɗaya na rance. Mutanen karkara, waɗanda manyan Bankok suka saba yi wa kallon ƙauyawa, suka ga a karon farko ƙuri'arsu ta haifar da abin da za su taɓa da hannu. A 2005 suka sake zaɓensa da rinjaye mai yawa. Amma kada ku ɗauke shi waliyyi. A yaƙin da ya ƙaddamar da masu safarar ƙwaya a 2003 an kashe mutum fiye da 2,000 cikin 'yan watanni ba tare da shari'a ba. A zamaninsa ne kuma, cikin azumin 2004, aka kama Musulmi masu zanga-zanga a garin Tak Bai da ke kudu, aka ɗaure su aka jibge su a manyan motocin soja wani kan wani, 78 suka mutu a hanya saboda rashin numfashi. Wa'adin gurfanar da masu hannu a ciki ya ƙare a Oktoban 2024 ba a hukunta kowa ba.

Abin mamaki, ba wannan jinin ne ya fi fito da mutanen Bankok titi ba. Kuɗi ne. A farkon 2006 iyalan Thaksin suka sayar da hannun jarinsu na kamfanin Shin Corp ga wani kamfanin gwamnatin Singafo a kan baht biliyan 73, ba su biya haraji ba. 'Yan boko da 'yan kasuwa da masu ƙaunar fada suka fito sanye da riguna masu ruwan ɗorawa, launin ranar Litinin, ranar da aka haifi Sarki Bhumibol. Kukansu na da tushe, ba na musun haka. Inda suka kauce shi ne abin da suka roƙa. Sun san idan aka je akwati Thaksin zai sake kayar da su, sai suka nemi sarki ya naɗa firaminista da kansa. Sarki ya ƙi. A watan Satumba, Thaksin na New York wurin taron Majalisar Ɗinkin Duniya, sojoji suka fito da tankoki. Mutane suka riƙa miƙa musu furanni, suna ɗaukar hoto da 'ya'yansu a jikin tanka.

Da aka yi zaɓe a ƙarshen 2007, mutanen Thaksin suka sake ci. Masu ruwan ɗorawa suka dawo, suka mamaye gidan gwamnati na tsawon watanni, kotu ta sauke firaminista Samak Sundaravej saboda ya karɓi kuɗi a wani shirin girke-girke na talabijin. Ku ji fa, girki! A ƙarshen Nuwamban 2008 suka rufe filayen jirgin sama biyu na Bankok sama da mako guda. Cikin dubban matafiyan da suka maƙale har da maniyyata aikin Hajji, waɗanda ba ruwansu da rigimar kowa. Kotun tsarin mulki ta rushe jam'iyyar da ke mulki, Abhisit Vejjajiva na ɓangaren adawa ya hau kujera ta hanyar majalisa.

To ku sa kanku a matsayin manomin Isan. Ka yi zaɓe, soja ya rusa. Ka sake yi, titi da kotu sun rusa. Me aka koya maka? An koya maka cewa wanda ya fi iya toshe hanya shi ke samun mulki. Haka magoya bayan Thaksin suka sa jajayen riguna suka kwaikwayi darasin. A 2009 suka kutsa taron shugabannin yankin a Pattaya, har sai da aka kwashe baƙi a jirage masu saukar ungulu. A 2010 suka kafa sansani a Ratchaprasong, tsakiyar manyan kantunan Bankok, suka kewaye kansu da tayoyi da gorori masu tsini.

A nan nake so ku natsu. A farkon watan Mayu, bayan an riga an zubar da jini a Afrilu, Abhisit ya yi tayin a yi zaɓe a watan Nuwamba idan za su tashi. Zaɓe suka zo nema, ga shi an ajiye musu rana. Shugabannin jajayen riguna suka rabu biyu, wasu na ganin a karɓa, wasu na ƙara sharuɗɗa. Taron da aka shafe makonni ana zuga shi daga kan dandamali da wuya a iya ce masa ya naɗe tabarma, domin duk wanda ya fara faɗin haka za a ce an saye shi. Akwai kuma wasu masu baƙaƙen kaya ɗauke da bindigogi da suka riƙa bayyana a gefen taron, kuma samuwarsu ta ba gwamnati hujjar da take nema. Aka janye tayin. Sojoji suka kewaye wurin, suka yi harbi da harsashi mai rai. Ranar 19 ga Mayu aka tarwatsa sansanin, wasu fusatattu suka cinna wa katafaren kantin CentralWorld wuta. A wannan rana aka harbe mutum shida a harabar Wat Pathum Wanaram, wurin ibadar mabiya Buda da aka ce kowa ya fake a ciki, har da wata mai jinyar waɗanda suka ji rauni. Binciken kotu a 2013 ya nuna daga wajen sojoji harsasan suka fito. Ba sojan da aka ɗaure.

Alhakin kisan na kan wanda ya ba da umarni da wanda ya ɗana kunama, kada wani ya juya muku wannan. Amma zaɓen da aka yi a Yulin 2011, wata takwas kacal bayan watan Nuwamban da aka yi musu tayin zaɓe a cikinsa, jam'iyyarsu ce ta lashe shi, Yingluck ƙanwar Thaksin ta zama firaminista. Duk wanda ya kira ku titi, ku tambaye shi tun a gida: me muke nema takamaimai, kuma idan aka ba mu rabinsa za mu koma? Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan ya kasa amsawa, shi ma bai san inda zai kai ku ba.

Sauran labarin ya fi ɗaci. A ƙarshen 2013 gwamnatin Yingluck ta tura dokar afuwa ta majalisar wakilai da tsakar dare. Dokar za ta wanke Thaksin, wanda ke gudun hijira, ya dawo gida, za ta kuma wanke waɗanda suka ba da umarnin harbin 2010. Iyalan mamatan jajayen riguna suka ga an sa jinin 'ya'yansu a sikeli an yi ciniki da shi. Su kuma abokan adawa suka samu abin da suke jira. Suthep Thaugsuban ya jagoranci dubun dubatar mutane masu busa usur, suka toshe manyan mahaɗun Bankok. Gwamnati na da nata laifin, don shirin sayen shinkafa daga manoma sama da farashin kasuwa ya jawo asara mai yawa, manoma da dama suka yi watanni ba a biya su ba. Yingluck ta rushe majalisa ta kira zaɓe a Fabrairun 2014. Masu usur suka tare rumfunan zaɓe, suka hana 'yan'uwansu jefa ƙuri'a, suna cewa sai an yi gyara tukuna. Ranar 22 ga Mayu Janar Prayut Chan-o-cha ya tara ɓangarorin a teburin sulhu, ya tsare su a nan, ya karɓi mulki.

An gudu gara an faɗa gidan zago. Prayut ya riƙe ƙasar shekara tara, da kaki sannan da kwat. Aka hana taron siyasa na mutum biyar zuwa sama, aka riƙa kiran masu suka barikin soja don a gyara musu tunani. Tsarin mulkin 2017 ya ba sojoji damar zaɓo sanatoci 250, masu hannu a zaɓen firaminista. Na tuna da wannan a Agustan 2024, lokacin da wasu yara a Kano da Kaduna suka ɗaga tutar Rasha suna kiran soja ya zo. Yunwarsu gaskiya ce. Amma soja ba ya zuwa da ranar tafiya a aljihu, kuma dokar da zai fara kafawa ita ce ta hana irin taron da ya kira shi.

Waɗanda suka biya bashin su ne yaran da ke firamare lokacin da ake miƙa wa tankoki furanni. A 2020 kotu ta rushe jam'iyyar Future Forward da matasa suka zaɓa, ɗalibai suka fito, har da 'yan sakandare, wasunsu daga gidajen da iyaye suka busa usur. Ina jinjina musu. Ba su ɗauki makami ba. Suna ɗaga yatsu uku, suna sanar da wurin taro ta waya a ƙurarren lokaci, suna tare ruwan da 'yan sanda ke fesa musu da manyan agwagin roba da ake hurawa, sannan su watse kafin dare ya yi nisa. Suka kuma taɓa abin da iyayensu ba su taɓa iya furtawa ba. Wani lauya, Arnon Nampa, da wata ɗaliba, Panusaya Sithijirawattanakul, suka tsaya a bainar jama'a suka nemi a rage ikon fada, a soke sashe na 112 na dokar laifuka, wanda ke ɗaure mai sukar sarki shekara 3 zuwa 15 a kan kowace tuhuma. Mu da muka tashi muna tuɓe takalmi a ƙofar fada mun san nauyin wannan magana.

Sun biya da tsada. An tuhumi mutum fiye da 200 da wannan sashe. Hukunce-hukuncen da aka yanke wa Arnon sun haura shekara 20 idan aka haɗa. Wata matashiya, Netiporn Sanesangkhom, ta rasu a tsare a Mayun 2024 bayan dogon yajin cin abinci, tana da shekara 28. Waɗanda suka tsaya musu har ƙarshe su ne lauyoyin sa-kai da ke bin su kotu, da asusun da jama'a suka tara don biyan beli, da uwayen da ke tsayuwa a ƙofar kurkuku. Irin wannan aiki ba ya tara 'yan kallo, shi ya sa masu son a gan su a gaban sahu ba sa ɗaukarsa. In kuna neman inda za ku yi amfani, ku fara dubawa a nan.

Matasan ba su tsaya a titi ba, sun koma rumfar zaɓe. A Mayun 2023 jam'iyyarsu, Move Forward, ta zo ta ɗaya da kujeru 151 cikin 500. Sanatocin da soja ya naɗa suka hana shugabanta, Pita Limjaroenrat, zama firaminista. Sai jam'iyyar Thaksin, Pheu Thai, ta saki hannunsu ta kafa gwamnati da jam'iyyun da janar-janar ɗin 2014 suka jingina da su. Ranar 22 ga Agusta, ranar da majalisa ta zaɓi ɗan takararta, Thaksin ya sauka Bankok a jirginsa bayan shekara 15 yana gudun hijira. Cikin kwanaki sarki ya rage ɗaurin da kotu ta yanke masa daga shekara takwas zuwa ɗaya. Jajayen riguna da yawa sun je tarbarsa suna kukan murna, wasu kuma suka ƙone rigunansu.

Ban kawo wannan don ku yanke ƙauna ba, 'ya'yana. Manya kan yi faɗa su shirya, kuma idan za su shirya ba sa tambayar wanda ya rasa ɗa. Saboda haka ku fita don buƙatar da za ku iya faɗa da bakinku, wadda za ta ci gaba da zama taku ko da jagora ya sauya sheƙa. Kuma idan kuka ga kotu ko soja sun murƙushe wanda ba ku so ta hanyar da ba ta dace ba, ku riƙe tafinku. Kotun da ta rushe jam'iyyar mutanen Thaksin a 2008, mutanen Bankok na murna, ita ce ta rushe Move Forward a Agustan 2024, jam'iyyar da ta lashe kujeru 32 cikin 33 na Bankok ɗin. 'Yan majalisarta da suka tsira daga haramcin ba su kira kowa ya rufe filin jirgi ba. Bayan kwana biyu suka sake haɗuwa ƙarƙashin wani suna, Jam'iyyar Jama'a, suka koma kujerunsu na adawa suna shirin zaɓe na gaba.