Amsar Tambaya: Shirin Hawa Ƙaramin Jirgin Fito

Mai tambaya yana son sanin shirin da ya kamata kafin hawa jirgin fito, wato ƙaramin kwalekwalen da ke jigilar mutane da kaya tsakanin gaɓa da babban jirgin da ya jefa anga nesa da tudu. Gajartar tafiyar ita ce ke jawo sakaci, alhali yawan lodi ko iska mai kaɗawa daga tudu zuwa teku kan isa su jefa matuƙi cikin halaka.

Wajibi ne kowa ya sa rigar kariya ya ɗaure ta tun kafin ya taka jirgin, sannan a shiga ɗaya bayan ɗaya, a sa ƙafa a tsakiya, a zauna nan take, kaya masu nauyi kuma a shimfiɗe su a ƙasa. Matuƙi ya ɗaura a cinyarsa igiyar kashe inji, wadda ke tsayar da injin da zarar matuƙin ya faɗa ruwa, domin jirgin da ba matuƙi yakan yi ta kewaya har farfela ta sare wanda ya faɗa ruwan. Ko da inji sabo ne, ba a barin filafili, da abin kwarfar ruwa, da tocila saboda dawowar dare.